Hodar saiwa ba laya ba ce

Satin da ya wuce wani yaro ɗan unguwarmu, wanda bai daɗe da samun aikin lambu a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa, ta hanyar Jumum ba, ya same ni bayan Magariba da leda a hannu. Ya zazzage ta a gabana. Rassan wani itacen fure ne, jahannamiyya, kusan talatin da ya shafa wa hodar saiwa ya dasa, gindinsu ya yi baƙi ƙirin, har sun fara wari. Ya ce, "Kawu, hodar nan da suka sayar mini jabu ce." Na karɓi gwangwanin na juya shi, na shinshina. Hoda lafiyarta lau. Shi ne na huɗu a bana da ya zo mini da wannan ƙorafin, kuma cikinsu babu wanda laifin yake ga hodar.

Na haura shekara ashirin ina aikin mashtal, wato wurin renon dashe, tsakanin Makka da Ɗa'if, kuma duk ɓarnar da zan lissafa a nan sai da na yi ta da hannuna kafin na iya gane ta a hannun wani.

Abin da Larabawa ke kira hormon tajzir, mu kuma muke ce masa hodar saiwa, sinadarin da ke cikinsa yawanci IBA ne, wani lokaci NAA. Tun 1935 masana a Amurka suka nuna cewa waɗannan biyun suna sa yankan reshe ya fid da saiwa. Amma itace da kansa yana haɗa irin wannan sinadari a bakin tohonsa, ya riƙa gangarowa ƙasa. Shi ya sa a gida mutum zai sari reshen cediya ko dashi ko zogale ya kafa da damina, ya juya baya, ya dawo ya tarar ya kama. Hodar ƙari ce kawai ga itacen da nasa bai ishe shi ba. Ba taki ba ce, ba ta ba reshe ruwa, ba ta kuma ta da wanda ya riga ya mutu.

Kuskuren da ya fara cin kuɗina shi ne zaton cewa yawa shi ne ƙarfi. A shekarata ta biyu a Ɗa'if maigidan da nake wa aiki ya ba ni ɗanyun rassan wardi, masu laushin nan da farce ke shiga, ya ce a yi ukla, wato yankan reshen dashe. A sito akwai hodar saiwa mai suna Seradix iri uku: lamba 1, lamba 2 da lamba 3. Ban tambayi kowa ba. Na ce ai uku ta fi ɗaya, na ɗauko lamba 3. Na jiƙa gindin kowane reshe sharkaf, na tsoma shi har tsawon yatsa, ya fito buɗu-buɗu kamar tsire a cikin ƙuli. Wajen ɗari huɗu na yi a yini biyu, ina ta jin daɗi, har ina hango ƙarin albashi. Kwana goma ba su cika ba gindi ya fara baƙi daga ƙasa yana hawa, ganye na zuba. Cikin ɗari huɗun nan ko ashirin ba su tsira ba. Ƙarin albashin da na hango sai ya koma yanka, wata biyu ana cire mini.

Wani dattijo Bahaushe haifaffen Makka da muke aiki tare, Allah ya jiƙansa, shi ya zaro ɗaya ya kankare da farce ya nuna mini inda fatar ta ƙone. Ya ce, "Ɗana, jariri ka ba maganin ƙato." Lambobin nan ba daraja suke nunawa ba, ƙarfi ne: lamba 1 kashi 0.1 cikin ɗari ne, na reshe mai laushi. Lamba 2 kashi 0.3, na wanda ya fara tauri. Lamba 3 kashi 0.8, na ƙosasshen icce mai taurin kai. Ka ga ninki takwas na ɗora wa wardi. Sinadarin in ya yi yawa ƙona gindin yake yi, kuma ko reshen ya sha da kyar, idanunsa sai su ƙi tohowa, ya zauna wata da watanni kamar an kafa sanda.

Yadda nake yi yanzu: gindin ya ɗan yi danshi kawai, in taɓa shi a hoda kamar tsawon farce, in buga shi da yatsa abin da zai zube ya zube. Abin da ya rage ya isa. In na rasa wace lamba ta dace, mai rauni nake ɗauka. Wasu abokan sana'a suna ganin ina rowar hoda, su ta shafa. Hormon na ruwa kuwa ya fi hoda shiga jiki, don haka ya fi son kula. Zaitun ana yi masa gram 3 zuwa 4 a lita ɗaya, a tsoma daƙiƙa biyar a cire. Daƙiƙa na ce, ba minti ba. Na taɓa ganin wanda ya jera rassa a kofi ya tafi shan shayi. Kuma garin IBA zalla ba ya narkewa a ruwa kai tsaye. Wanda aka rubuta wa K-IBA shi ne mai narkewa, shi za ka nema.

Kuskure na biyu ya fi ciwo, kuma shi ne ya fi kashe dashe a ƙasar nan: zafi. Reshen da aka yanke ba shi da bakin shan ruwa, amma ganyensa bai daina fitar da ruwa ba. Aikinka duka shi ne ka hana shi bushewa har ya yi saiwa. To sai mutum ya ji an ce a rufe da leda don a riƙe danshi, ya rufe, ya ajiye a tsakar gida a Makka a watan Yuli, inda zafi ke haura digiri 45 a inuwa ma. Don Allah me kake tsammani? Tukunyar dambu ka haɗa.

Ni ma na haɗa ta. An kawo mana rassan zaitun daga Jauf, inda gonakin zaitun suke da yawa, aka sha wahalar hanya da su a cikin jiƙaƙƙen buhu. A lokacin na koma wani mashtal a gefen Makka. Na yi komai daidai: tsawon ɗani ɗaya, ganye huɗu a sama, hoda daidai gwargwado, na jera su a ƙarƙashin rumfar leda a jikin katanga. Da safe katangar tana ba su inuwa, ni kuma ban taɓa tsayawa na ga inda rana take faɗawa bayan Azahar ba. Ranar Juma'a na tafi Harami, na tsaya gaisawa da 'yan uwa, na ci abinci, sai La'asar na dawo. Da na ɗaga ledar wani tururi ya buge ni a fuska. Ganyen ya yi laushi ya koma ruwan ƙasa kamar dafaffen zogale. Aikin sati uku ya tafi a yini ɗaya. Har yau in na tuna warin sai raina ya ɓaci, don ba jahilci ba ne ya jawo, sakaci ne.

Saboda haka ni a Makka ko Jidda ba na yin uklar itace mai wuya sai daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Mai gidan sanyi da injin feshi yana iya yi a kowane wata, amma kai mai leda da bokiti ka jira lokacinka. Ɗa'if daban ce, tana kan dutse sama da mita 1,800, tana ba mutum sarari. Can matsalar juyewa take yi: a Hada da Shafa, a kan duwatsun yankin, da hunturu ƙasan tukunya ne ke yin sanyi, saiwa kuwa tana son ɗumi kamar digiri 20 zuwa 25. Sai ka ɗaga tukwanen daga kan siminti ka ɗora a katako. Yanka kuma bayan Asuba ake yi, lokacin da reshe ke cike da ruwa, a sa a jiƙaƙƙen buhu nan take. Wurin ajiya ya zama mai haske amma rana ba ta taɓa shi ko sau ɗaya a yini. Ka zauna ka ga hakan da idonka kafin ka ajiye. Kullum da safe a buɗe ledar ta sha iska. In ganye manya ne, kamar na lemun tsami, a rage rabinsu da almakashi.

Mai tsoron bushewa kuma sai ya faɗa ɗaya ramin: ya cika tukunya da ƙasar lambu da taki, ya yi ta ambaliya safe da yamma. Gindin da aka yanka ciwo ne a buɗe, in ya zauna a caɓi ruɓewa zai yi. Ni rabi farlayit (farar tsakuwa marar nauyi) rabi bitmos (ruɓaɓɓen gansakuka mai riƙe danshi) nake haɗawa, in babu sai yashi mai tsakuwa da aka wanke sosai. Ka damƙa a hannu: ya dunƙule amma kada ruwa ya ɗiga. Taki ko ƙwaya ɗaya kada ya shiga sai saiwa ta fito. Ruwan rijiya na wurare da yawa a nan yana da gishiri, kuma sabuwar saiwa ba ta jure shi. Ni ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki nake tarawa a jarka. Ana yi mini dariya, amma ba shi da gishiri kuma ba a saya.

Sauran ƙananan kurakurai ba sai na ja su ba. Kada ka tsoma reshe a cikin gwangwanin kansa. Ɗebi kaɗan a murfi, abin da ya saura ka zubar, in ba haka ba danshi da cuta ka zuba wa sauran. Kada ka bar gwangwanin a gaban mota, zafi da haske suna rage masa ƙarfi. Nawa a ƙofar firij yake, a ɗaure cikin leda, inda yara ba sa kaiwa. Huda rami da tsinke kafin ka sa reshen, don in ka cusa shi da ƙarfi hodar a saman ƙasa za ta tsaya. Yanka a ƙarƙashin gaɓa kaɗan, da almakashi mai kaifi da tsabta. Reshe mai fure ko 'ya'ya ka bar shi. Na matashin itace ya fi na tsoho saurin kamawa. Kuma ka lura da sama da ƙasa. Na ga wanda ya dasa rumman hamsin a kife.

Akwai kuma masu ciwon leƙe. Bayan kwana biyar sun zaro su gani, bayan kwana takwas sun sake zarowa. Haba! Zaitun yana cin wata biyu zuwa uku. Wani ya ga farin ƙullutu a gindi ya yi murna ya kai rana, alhali wannan tabon warkewa ne, saiwa ba ta zo ba tukuna. Sabon toho a sama ma ba hujja ba ne, reshe yana iya yin sa da guzurin da ke jikinsa. In dole sai ka gwada, ja shi a hankali da yatsa biyu. In ya riƙe, ka sake shi.

Wani asarar kuma tun a zaɓen itace ake yin ta. Ɓaure da rumman da inabi da lalle ba sa buƙatar hodarka, ɓarna ce. Dabino kuwa ko buhu ka zuba masa ba ya yin ukla, 'ya'yan gindinsa ake cirewa, wato fasila. Mangwaro da magarya ni na daina wahalar da kaina a kansu, aure nake musu, wato in haɗa reshen a jikin wani tushe mai saiwa. Gwaiba na fi samun sa'a in na kankare fatar reshen yana jikin uwarsa, na shafa hoda, na ɗaure da bitmos da leda har ya yi saiwa sannan na yanke. Ko a cikin zaitun akwai bambanci: Kalamata ya yi suna wajen ƙin kamawa, to kada ka zargi hannunka. Zuma da kirfa da ake ta yaɗawa a bidiyo kuwa ba hormon ba ne. Mai zumar da ta yi masa yawa ya kawo mini in sha.

Yaron nan da na tsananta tambaya, ashe lamba 3 ya saya don mai shagon ya ce ita ce mai ƙarfi, ya yanki rassan da tsakar rana, ya ajiye su a bayan ɗakin janareta. Na ce ya kai gwangwanin firij, ya nemi yashi ya wanke, in Nuwamba ta kama ya zo da asuba da almakashinsa mu fara da lemun tsami guda goma.