Yadda ake ɗinka bargon ƙyallaye a keken ƙafa

A nan Mai Wurno ta ƙasar Sudan, da zarar Disamba ya kama, sanyin da ke tasowa daga kogi da asuba ba ya barin mutum barci a kan angarib, gadon nan namu na igiya, sai da lulluɓi mai kauri. Bargon kasuwa ya yi tsada, ga kuma ƙyallaye jibge a buhu a shagon kowane tela. Ni da su nake rufe yarana, kuma a tsohon keken Singer na Goggona nake ɗinkawa, wanda ba ruwansa da wuta ta zo ko ta ɗauke. In Butterfly ɗan Sin gare ki, duk ɗaya ne, don ƙirar Singer 15 aka bi aka yi shi.

Fara da keken. Cire bobin ki share ƙurar zaren da ta taru ƙarƙashin haƙoransa, ki ɗiga man keke a kowace ƙofar mai, har da gaɓoɓin matakin ƙasa. In igiyar fatar ta saki, ki yanke ɗan kaɗan ki mayar da ƙugiyarta. Kada ki ɗaure ta tamau, ƙafa za ta gaji tun kafin a je ko'ina.

Sai yadi. Ki zaɓi na auduga, atamfa ko ragowar jallabiya, ki wanke ki goge, don wanda ba a wanke ba yakan tsuke daga baya ya ja ɗinki. Tsohon tob (lafayar matan Sudan) mai santsi ba na ba da shawararsa, zamewa yake. Ki yanka murabba'i mai santimita 16, guda 117. Idan kika ci rabin santimita a kowane gefe, kika jera 9 a faɗi, 13 a tsawo, za ki sami bargo mai 135 da 195, daidai angarib. Ki shimfiɗa su a tabarma ki duba zubin launin kafin ki haɗa. Da allura lamba 14 ake haɗawa, layi-layi, ana guga bayan kowane layi.

Wurin cikon ne mutane suka fi yin ɓarna. Lihaf, wato bargon da munajjid (mai ɗinka katifa) ke cusa wa audugar Jazira, da hannu ake ɗinka shi, keke ba zai iya haɗiye wannan kaurin ba. Na taɓa gwadawa, allura uku na karya a yini guda. Ki nemi tsohon bargo mara nauyi, ko damuriya (yadin auduga mai kaushi) ninki biyu. Ki shimfiɗa shafin, wato yadin baya, a ƙasa, ciko a tsakiya, ƙyallayen a sama, ki miƙar da su sarai. Sannan ki bi da dogon ɗinkin hannu kowane taƙi guda, daga tsakiya zuwa baki. Aikin na da cin rai, amma wadda ta tsallake shi za ta tarar da bayan bargonta duk ya tattare.

Yanzu ki sa allura lamba 16, ki ƙara tsawon ɗinki, ki ɗan sassauta dunƙulen nan na sama da ke matsa ƙarfen danne yadi. Ki naɗe rabin bargon kamar tabarma ya shige ta cikin keken, sauran ki ɗora a kujera ta hagu, kada nauyinsa ya ja allura. Ki ja tayar hannu zuwa wajenki, ƙafa ta karɓa, ɗaya gaba ɗaya baya a kan matakin. In tayar ta juya baya, zare zai harɗe a ƙasa. Ki fara daga layin tsakiya, kina bin gaɓar ƙyallayen a hankali, hannu biyu a shimfiɗe a kan yadin. Kada ki ja, haƙoran ne ke tafiyar da shi. Inda gaɓa huɗu suka haɗu, ki tsayar da ƙafa ki juya tayar da hannu har ki wuce.

Daga ƙarshe ki zare ɗinkin hannun, ki daidaita gefuna da almakashi, amma ki bar shafin ya ɗara da santimita 4. Ki kalmaso shi sama ninki biyu, ki bi da ɗinki har ki zagayo inda kika fara.