Yadda za ka gane ko ka sake zana LSAT ko ka tura takardunka haka nan

LSAT jarrabawar neman shiga makarantar lauya ce. Wannan na masu neman digirin lauya na JD ne a Amurka ko Kanada. In kana da LLB daga ABU ko BUK kuma LLM kake nema, babu ruwanka da LSAT, ka huta.

Da farko ka ajiye yadda kake ji a gefe. Na sha ganin wanda ya ci 163 yana kuka kamar an yi rasuwa, wani kuma da 150 yana ta maganar Harvard. Makin daga 120 ne zuwa 180, amma sai ka san inda za ka kai shi kafin ka ce ya yi ko bai yi ba. Duk makarantar da ƙungiyar lauyoyin Amurka ABA ta amince da ita tana fitar da rahoton da ake kira 509 kowace shekara, a ciki akwai makin tsakiya na ɗaliban da ta ɗauka. Ka jera makarantunka, ka rubuta na kowacce a gabanta. In ka kai ko ka wuce, tura takardunka kawai, kar ka tsaya kwaɗayin ƙari. In kana ƙasa, to akwai magana, musamman in a Najeriya ko Nijar ka yi digirinka, don hukumar LSAC mai shirya jarrabawar ba ta lissafa maka GPA irin na 'yan can, sai dai a ba ka matsayi kawai, shi ya sa nauyin ke komawa kan LSAT. Ga shi kuma baƙo ba ya samun bashin karatu na gwamnatin Amurka, sikolashif ɗin makaranta ne madogara, shi kuwa maki yake bi.

Na biyu, kuma nan ne yawanci ake faɗuwa, ka duba makin gwajin da kake yi a gida. Ba mafi girma ba, matsakaicin guda biyar na ƙarshe. Kuma gwaji na gaskiya nake nufi, sashe huɗu, minti 35 kowanne, agogo na tafiya, waya a kashe, ba wanda ka tsayar ka je ka ci tuwo ka dawo ba, ba kuma wanda ka taɓa ganin tambayoyinsa ba. Mutane na yaudarar kansu a nan sosai wallahi, mutum zai ce ai ina cin 168 a gida, ka bincika ka tarar sau ɗaya ne, shi ma ya ƙara wa kansa minti goma. Ka yi a LawHub, shafin gwaji na LSAC, don ka saba da allon, kuma ka rabu da tsofaffin littattafai masu wasannin tunanin nan da ake kira logic games, an cire wannan sashen tun Agustan 2024. In matsakaicinka ya ɗara makin da ka samu da 3 zuwa sama, sake zanawa. In daidai suke, to abin da kake da shi ke nan a yanzu, sake zama ba tare da ka canza yadda kake karatu ba zubar da sama da dala 200 ne, ka buga a naira ka gani.

Tsoron cewa makin zai ragu kar ya hana ka. Makarantun Amurka suna ganin duk zaman da ka yi cikin shekara biyar da suka wuce, amma tun 2006 mafi girma suke kai wa ABA rahoto, don haka shi suka fi damuwa da shi.

Na uku kalanda. Yawancin makarantun suna buɗe karɓar takardu a Satumba suna ɗauka a hankali a hankali, gurbi da kuɗi na raguwa. Ni a wajena zaman Oktoba ko Nuwamba ba komai, na Janairu sai in kana da tabbacin tsalle mai yawa, bayan nan gara ka jira shekara mai zuwa. Sakamako na ɗaukar kusan sati uku, kuma na ƙasashen waje ba kowane zama ake ba su ba. Wani abu da ba a lura da shi, in ka tura takardu alhali ka yi rajistar wani zaman, wasu makarantun ajiye fayil ɗinka suke yi sai sabon maki ya fito, ka rubuta musu imel ka ce abin da kake so.

Sai ƙidayar zaman da aka yarda ka yi, sau 5 cikin shekara biyar, sau 7 a rayuwa, kuma wanda ka soke ma yana ciki.