Yadda na daidaita lokutan sallata a Ingila

Na baro Gusau na sauka Ingila a farkon Janairu, lokacin da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe 4 na yamma, sai ya zamana La'asar da Magariba suna riskata ina cikin aji. Abin ya dame ni ƙwarai, domin a gida kiran sallar masallacin unguwa ne yake tsara mini yinina.

Na karɓo jadawalin salla daga masallaci mafi kusa, na gwada shi da na darussa, sannan ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya nuna mini ɗakin salla. Yanzu da alwalata nake fita, ina sallatar La'asar tsakanin darasi da darasi, kuma kowane wata nakan sabunta jadawalin saboda lokutan suna sauyawa.