Kurakuran da baƙi suka fi yi a ƙauyukan kan duwatsu na Japan

Tallan da kamfanonin yawon buɗe ido ke yi na tsofaffin garuruwan tsakiyar Japan kusan duk iri ɗaya ne. A ɗauke ka da sassafe daga Nagoya ko Kanazawa, a sauke ka a Takayama ka ci abincin rana, a wuce da kai Shirakawa-go ka ɗauki hoto, kafin isha'i kana otal. Tafiyar tana yiwuwa, sai dai wanda ya yi ta haka ya fi ganin bayan kujerar bas fiye da ƙauyen da ya biya kuɗi don ya gani. Yawancin kurakuran da ake yi daga nan suke somawa, wato daga ɗaukar waɗannan wurare a matsayin wajen tsayawa a yi hoto a wuce, alhali garuruwa ne da mutane ke kwana suna tashi a cikinsu.

Haɗama ce ta farko. A taswira za ka ga Takayama da Shirakawa-go da Magome da Tsumago kamar a kusa suke, sai ka jera su duka a rana ɗaya. Amma tsakaninsu manyan duwatsu ne. Daga Nagoya zuwa Takayama jirgin ƙasa na cin kusan awa biyu da rabi, daga nan bas ta ƙara maka minti 50 zuwa Shirakawa-go. Su kuwa Magome da Tsumago suna kwarin Kiso ne, a kan wani layin dogo daban. Idan kwana biyu gare ka, zaɓi ɓangare ɗaya ka bar ɗayan. Idan huɗu ne, ka raba su biyu-biyu, Nagoya ta zama mahaɗarka.

Sai lokacin isa. Manyan bas-bas na zuba mutane a Ogimachi, babban ƙauyen Shirakawa-go, daga hantsi zuwa la'asar. A wannan tsakanin gadar Deai, doguwar gadar ƙafa da ke kan kogin Sho, cika take yi maƙil, kuma a tudun da ake hango ƙauyen daga sama sai ka bi layi kafin ka samu wurin tsayawa. Tun da aka kammala babbar hanyar mota da ta huda duwatsun yankin a 2008 cunkoson ya ƙaru, har baƙi suka haura miliyan ɗaya da rabi a shekara, a ƙauyen da mazaunansa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Da ƙarfe biyar ta yi shaguna sun rufe, bas-bas sun tafi, hayaƙi ya fara fita daga gidaje. Wannan ne lokacin ganin garin, shi da wayewar gari, kuma ba ka samun su sai ka kwana. Wasu iyalai na karɓar baƙi a gidajensu, irin masaukin da suke kira minshuku, amma ɗakunan ba su da yawa, sai ka kama wuri tun da watanni. Kada ka sauka da jaka kana fatan dacewa. Abincin dare ma da lokacinsa, wajen ƙarfe shida, kuma matar gidan ta dafa ne daidai da yawan waɗanda suka yi rajista. Wanda ya makara babu wani gidan abinci a buɗe da zai fake.

A Takayama kuma akasin haka ake yi, a iso da rana tsaka a tarar an tashi daga kasuwa. Kasuwannin safe biyu na garin, ta bakin kogin Miyagawa da ta gaban Takayama Jinya, da ƙarfe sha biyu na rana suke watsewa. Shi kansa Jinya, mutane da yawa na wuce shi suna sauri zuwa titunan Sanmachi inda ake sayar da tsaraba. Asara ce. Ofishin gwamnati ne na zamanin mulkin gidan Tokugawa, waɗanda suka karɓi yankin Hida, inda Takayama take, a hannunsu kai tsaye a 1692 saboda arzikin katakonsa, kuma shi kaɗai ya rage a irinsa. Akwai ɗakin shari'a a ciki, da rumbun shinkafar haraji.

Kuskuren da ya fi ɓata wa mutanen ƙauye rai shi ne a ɗauka duk gidan da aka gani na kallo ne. Baƙo ya tura ƙofa ya leƙa, ko ya shiga gonar shinkafa don hoto ya fi kyau, ko ya zauna a dokin ƙofar mutane ya buɗe abincinsa. Gidajen da aka buɗe wa baƙi sanannu ne, da allo a gaba da kuɗin shiga, kamar gidan Wada, wanda ya fi kowanne girma a Ogimachi. Sauran duk gidajen mutane ne. Wanda yake so ya shiga gida bayan gida ba mai ce masa uffan, ya je Hida no Sato a gefen Takayama, inda aka tattaro tsofaffin gine-gine sama da 30 aka sake kafa su musamman don masu kallo.

Yana da kyau ka san abin da kake kallo, don shi zai sa ka kiyaye. Gidajen nan na katako ne, benaye uku ko huɗu, da rufin ciyawa mai kauri wanda ya miƙe tsaye sosai domin dusar ƙanƙara ta riƙa zamewa, don a nan tana iya taruwa ta kai mita biyu. Babu ƙusa a jikin rufin. Da igiya da ɗanyun rassa aka ɗaure sandunan, shi ya sa yake jure nauyi da iska ba ya karyewa. A benen sama a da ake kiwon tsutsar siliki, a ƙarƙashin daɓe kuma ana haɗa sinadarin albarushi. A tsakiyar ɗaki akwai murhu da aka haƙa a ƙasa, tukunya na reto a kansa daga wata sanda. Hayaƙinsa na ratsa tsagin katakon bene ya hau sama, ya busar da ciyawa, ya kori ƙwari. Idan ka hau benen gidan Wada ka dubi sandunan, za ka ga sun yi baƙi ƙirin suna ƙyalli, igiyoyin ma sun sha hayaƙi sun yi tauri. Duk bayan shekara 30 zuwa 40 sai an sake baibaye rufin, kuma a al'adance aikin gayya ake yi, abin da suke kira yui: mutum ɗari ko fiye su taru, wasu a sama wasu na miƙa dami, a gama gefe guda a yini ɗaya, a kuma rubuta wanda ya zo don a rama masa ranar nasa.

To, gari irin wannan babu abin da yake tsoro kamar wuta. Mai shan taba da ya kunna sigari a kan hanya yana ganin ƙaramin abu ya yi, amma su a wurinsu dukiyar kakanni ya sa a caca. An keɓe wuraren shan taba, an hana wasan wuta, an hana tashin jirgi marar matuƙi don ɗaukar hoto. Waɗannan ƙananan bukkoki masu tsinin kai da za ka riƙa gani a lunguna, bindigogin feshin ruwa ne a ciki, kusan 60, kuma sau ɗaya a shekara lokacin kaka ake buɗe su gaba ɗaya don gwaji. Tun a 1971 mutanen Ogimachi suka yi wa juna alkawari uku a kan gidajensu: ba sayarwa, ba bayar da haya, ba rushewa. Sun yi haka ne bayan sun ga madatsar ruwan Miboro ta cinye ƙauyuka maƙwabta, 'yan birni kuma na saye gidaje suna kwashewa. Sai a 1995 UNESCO ta sa ƙauyen cikin kayan tarihin duniya. Ka lura kuma babu kwandon shara a titi. Ledarka da kwalbarka, a jakarka za su koma.

Mutane kan manta cewa ƙauyuka uku aka sa a wannan jerin. Sauran biyun, Ainokura mai irin waɗannan gidaje 20 da Suganuma mai 9, suna Gokayama a jihar Toyama, gaba kaɗan a bakin kogin. A ganina wanda ba ya son hayaniya Ainokura ya kamata ya kwana, ya leƙa Ogimachi da safe.

Batun mota gajere ne amma yana kayar da mutane. Jirgin ƙasa ba ya zuwa Shirakawa-go. Katin nan na kamfanin jiragen ƙasa na JR da baƙi ke saya su yi ta hawan jirgi a faɗin ƙasar bai haɗa da waɗannan bas-bas ba, kuma da yawa daga cikinsu sai ka kama kujera tun kafin ranar. Ka sayi tikitin dawowa tare da na zuwa. Babbar akwati kuwa ka bar ta a tasha ko ka aika ta otal na gaba, akwai kamfanonin da aikinsu ke nan. Ka riƙe tsabar kuɗi, don ba kowace tsohuwa mai shago ke karɓar kati ba. Kada kuma ka bar wa ma'aikaci tukuici a kan tebur, zai biyo ka da gudu ya maido maka.

A kwarin Kiso kuskuren na ƙafa ne. Magome da Tsumago zanguna ne guda biyu daga cikin 69 na tsohuwar hanyar Nakasendo, wadda ta haɗa Kyoto da Edo, Tokyon yau. Ta nan manyan hakimai ke bi da tawagarsu zuwa fadar mai mulki, tun da aka wajabta musu zaman shekara-shekara a Edo a 1635. Tsakanin zangunan biyu kilomita 8 ne, tafiyar awa biyu da rabi zuwa uku, kuma ita ce daɗin wurin. Wasu na hawa bas su tsallake ta, wasu kuma su faro daga Tsumago su sha hawa ba dalili. Magome ta fi tudu, saboda haka daga can za ka fara: hawa kaɗan zuwa mashigar dutsen, sauran duk gangara ce ta cikin dajin dogayen itatuwa. Ofisoshin baƙi na garuruwan biyu na kai wa mutum jakarsa ɗaya ɓangaren idan ya ajiye da safe, ban da lokacin sanyi. Za ka riƙa tarar da ƙararrawa rataye a jikin turaku a bakin hanya. Ba ado ba ne, kaɗa ta da ƙarfi, domin dajin akwai baƙar dabbar nan mai farata da ake kira beya, kuma idan ta ji motsi kaucewa take yi. Kada ka fara tafiyar bayan la'asar. A ƙarshen kaka da farkon hunturu rana na faɗuwa kafin biyar, cikin kwari kuwa duhu na riga ta.

Kada kuma ka yi wa Magome kallon tsohon gini, gobara ta cinye ta a 1895 da 1915, yawancin abin da ke tsaye sabo ne. Tsumago ce ta tsira da tsofaffin gidajenta, kuma mutanenta sun fara aikin adana su tun 1968, suka kawar da wayoyin lantarki daga babban titi, suka hana mota shiga da rana.

Ga Musulmi akwai ƙarin hattara. Ganin babu naman alade a kwano bai isa ba. Girkin Japan na yawan amfani da mirin, wani ruwan zaƙi na shinkafa mai giya a ciki, da kuma sake, giyar shinkafa kanta. Suna shiga romon taliya da miyar da ake shafa wa gohei mochi, curin shinkafar nan da ake gasawa a tsinke a Kiso. Taliyar ramen ta Takayama da yankan alade ake kawo ta. Naman shanun Hida da ake ta yabo, ba kowane wuri aka yi masa yankan Musulunci ba. Maganin shi ne ka rubuta abin da ba ka ci da harshen Japan a takarda ko a waya, ka kuma sanar da masauki tun ranar da ka kama ɗaki, ba sai an jera kwanuka ba. Kifin kogi da aka gasa da gishiri, da shinkafa, da tofu (awara), da ganyayen dutse za su riƙe ka, amma su ma ka tambayi abin da aka zuba musu. Takayama na da 'yan gidajen abinci da ke tanadar wa Musulmi, ƙauyukan kuwa kada ka sa rai. Idan kuma ka ga ƙwallon ganye na reto a ƙofar wani tsohon gida a Sanmachi, gidan giya ne. Wajen salla, kada sabo ya sa ka fuskanci mafitar rana: daga Japan alƙibla tana yamma ne, ta ɗan karkata arewa.

Takalmi ana cire shi a ƙofa, silifas ɗin gida ba ya hawa tabarmar tatami, na bayi kuma a bayi yake tsayawa. Wurin wankan masauki galibi na tarayya ne, maza daban mata daban, kuma tsirara ake shiga bayan an cuɗa jiki a gefe. Wanda hakan bai yi masa ba ya tambaya tun wajen kama ɗaki ko akwai wankan da ake keɓe wa mutum shi kaɗai.

Saura zaɓen wata. Hoton nan na gidajen Shirakawa-go cikin dusar ƙanƙara da fitilu a tagogi, na wasu 'yan darare ne kawai a Janairu da Fabrairu, kuma tun 2019 ba a shiga ƙauyen a waɗannan darare sai da rajista. Mai zuwa a hunturu ya nemi takalmi mai kama ƙasa, kuma kada ya tsaya a ƙarƙashin bakin rufi, don ƙanƙarar na ruftowa da nauyi. Ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu da tsakiyar Agusta hutun Japanawa ne, ko'ina a cike. Yuni zuwa tsakiyar Yuli ruwa ake yi. Bikin Takayama kuwa ranakun 14 da 15 ga Afrilu da 9 da 10 ga Oktoba ake yin sa, kuma ɗakunan garin na ƙarewa tun da watanni, saboda haka ko ka kama wuri da wuri, ko ka matsar da tafiyarka da mako guda.