Yadda za ka gane laifin joki ne ko na doki kafin ka shiga gardamar sukuwa

Duk inda aka tashi daga sukuwa, ko a filin sukuwa na Kano ne ko na Yamai ko kuma a waya aka kalli ta Dubai, gardamar ɗaya ce, wannan ya ce joki ne, wato mahayin, ya kashe dokin, wancan ya ce haba malam dokin ne ba shi da ƙarfi. Kuma in ka lura yawancin masu ɗaga murya ɗin nan ƙarshen tseren kawai suka kalla, mita 200 ɗin da ake ihu ana tsalle. To ai a wurin nan aikin joki ya kusa ƙarewa. In kana so ka yi magana a saurare ka, tsakiyar tseren za ka koyi kallo.

Fara da kallon bidiyon sau biyu. Na farko ka ji daɗinka, ka yi ihunka. Na biyu ka rage sauti gaba ɗaya saboda mai sharhi yana jan idonka zuwa ga dokin da ke gaba, ka zaɓi doki ɗaya tak ka riƙe kalar rigar jokinsa da hularsa, ka bi shi tun daga tashi har layi, kada ka kalli kowa.

Abu na farko tashi. Dokin da ya yi nauyin ƙafa a tashi ko ya yi tutsu ya miƙe tsaye, ba lallai laifin na kansa ba ne, wani dokin halinsa ke nan. Abin dubawa shi ne me jokin ya yi bayan nan. Mai hankali zai haƙura ya zauna a baya ya bar dokin ya samu numfashinsa, mai gaggawa kuma zai hau dukansa don ya cike giɓin nan take, ya ƙone masa ƙarfin da zai buƙata a ƙarshe.

Sai kwana, kuma nan ne nake so ka daɗe. Lissafi ne mai sauƙi, in doki yana gudu mita 1 a waje da wanda ke jikin shingen ciki, kafin su gama zagaye kwana cikakkiya ya ƙara kusan mita 3 a kan tafiyarsa. Tsawon doki kuwa bai wuce mita 2 da rabi ba. Ke nan wanda aka tura can waje, dawaki uku tsakaninsa da shinge, wato kamar mita 3, a filin da ke da kwana biyu, ya yi asarar tsawon doki wajen bakwai ba tare da kowa ya lura ba. In irin wannan dokin ya zo na biyu da ratar wuya, to shi ne ya fi gudu a ranar, kuma kana da hujjar tambayar jokin me ya kai shi waje. Amma fa jikin shingen ma ba kyauta ba ne, nan ake toshe mutum, doki a gaba doki a gefe, kana ganin dokinka yana jan linzami yana neman hanya babu. Calvin Borel na Amurka da bin shinge ya yi suna, a Kentucky Derby ta 2009 ya taho da Mine That Bird daga can ƙarshen baya ya ratsa ta wata 'yar kafa a jikin shinge ya cinye, dokin da masu caca suka ba shi 50 da 1, wato ba a sa ran zai ci ba. Da kafar ta rufe da har yau ana zaginsa.

Daga nan ka kalli hannu, ba bulala ba. Mutanenmu suna son su ga ana zabga wa doki dorina, wai shi ne joki ya yi ƙoƙari. Dokin da ke tafiya da ƙarfinsa za ka ga jokin ya lafe, hannunsa shiru a kan wuya, linzami a ɗame. Da ka ga hannu ya fara turawa tun ana tsakiyar fili alhali na kusa da shi ko motsi bai yi ba, dokin ya fara ƙarewa, ko wa ka ɗora a kai ba zai ci ba. A Ingila ma tun 2023 sau 6 kawai aka yarda joki ya taɓa doki da bulala a tseren da babu tsallake, ya wuce haka hukunci ne, in ya zarce sosai a ƙwace nasarar. Kuma ka lura da hannun da ya riƙe bulalar, in doki yana karkata hagu ya kamata ta koma hannun hagu don ta miƙar da shi, jokin da bai iya sauya hannu cikin gudu ba da sauransa.

Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne saurin tafiyar farko. In na gaba suka fita da wuta suna rige-rige tun daga tashi, za su gaji, na baya su zo su kwashe. In kuma aka tafi a hankali kowa yana jira, na gaba yana da sauran ƙarfi kuma mai tahowa daga baya ya makara. Misalin da har gobe Turawa ba su gama gardama a kai ba shi ne tseren Derby na filin Epsom da ke Ingila a 1986. Dancing Brave, dokin Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya, Greville Starkey ne a kai, ya tsaya can baya har aka sauko kwanar Tattenham, da ya sake shi dokin ya taho kamar an harbo shi amma layi ya riga shi, Shahrastani ya ci da rabin tsawon doki. Wasu suka ce Starkey ya yi barci, wasu suka ce dokin ne bai iya gangaren filin ba. Starkey ya sake hawansa ya ci tseren Eclipse, daga baya ya ji rauni aka ba Pat Eddery, ya ci tseren King George da shi, kuma Eddery ne ya hau shi a Faransa ya cinye babban tseren Arc a shekarar. Ni dai ra'ayina ya bar tazarar ta yi yawa, amma nemi bidiyon ka yanke naka, yana nan a YouTube.

Wannan ya kawo mu maganar fili, don ba a auna joki sai an san inda ya hau. Epsom hawa ne da farko sannan gangare da kwana, ga ƙasar a karkace. Longchamp ta Paris inda ake Arc ranar Lahadin farko ta Oktoba, mita 2400, tana da wani miƙaƙƙen wuri kafin ainihin miƙaƙƙen ƙarshe, baƙon joki sai ya ɗauka an iso ya saki doki da wuri. Meydan ta Dubai da aka buɗe a 2010 da filin Sarki Abdul'aziz na Riyad inda ake Saudi Cup tun 2020 kan dala miliyan 20, manyan kofunansu a kan ƙasa ake yi ba ciyawa ba, na baya yana shan yashi a fuska, shi ya sa zama kusa da gaba ke da riba. Ni Riyad da Meydan sun fi kwanta min, don sun fi kama da abin da muka sani, wanda ya taɓa tsayawa a bakin fili da rani ya ga yadda dawakin baya ke ɓacewa cikin ƙura, joki ya sauko idonsa jawur rigarsa ta koma kalar ƙasa, ya san me nake nufi.

Kar ka manta nauyi. A wasu tseren da gangan ake ƙara wa doki mai ƙarfi dalma a ƙarƙashin sirdi don a daidaita shi da saura, ana auna joki da sirdinsa kafin hawa a kuma sake aunawa bayan an sauko. Namu na gida kuma kar ka haɗa doki ɗan Sudan mai dogayen ƙafafu da dokin ƙasa ka ce joki ne ya bambanta su. Tambayi wanda ke barga ma, dokin ya ci abincinsa jiya? an yi masa kilisa yadda ya kamata? wani lokacin tun daga turke aka faɗi tseren.

Sai maganar kuɗi. Caca haramun ce, wannan ba sai na ja aya ba, kuma Dubai da Riyad duk girman kofinsu ba a yin ta a filin. Amma ko don gardama ya kamata ka san yadda take aiki, musamman 'yan'uwa na Nijar da ke ganin kiyos ɗin PMU, wato cacar sukuwa, ana cika takarda a kan tseren Faransa. Kuɗin kowa ake tarawa wuri ɗaya, kamfani ya fara cire kasonsa, ragowar a raba wa waɗanda suka dace, wato tun kafin a tashi jimillar masu zubawa sun riga sun yi asara. Mai neman jera dawaki biyar daidai a tseren doki 16 kuwa, jeri 524,160 ne ke gabansa. Kuma da yawan tseren da ake cika takardar a kansu a filin Vincennes na Paris na keken doki ne, mutumin yana zaune a baya, in dokin ya ɓalle da sukuwa ma korarsa ake yi, to ka ga ma'aunin da muka yi bayani a sama bai hau kansa ba.

Sunan joki ma yana ruɗin mutane. Ranar 28 ga Satumba 1996 Frankie Dettori ya cinye duka tsere bakwai na filin Ascot a Ingila, kafin a zo na bakwan jama'a sun yi ta bin sunansa har farashin cacar dokinsa Fujiyama Crest ya faɗo daga 12 da 1 zuwa 2 da 1, alhali dokin shi ne dai na safe, ba abin da ya ƙaru a ƙafarsa. Manyan jokaye suna yawan ci ne har da cewa su ake fara kira in doki mai kyau ya samu. In kana son sanin gwani na gaske duba me yake yi da dokin da ba a sa ran komai daga gare shi, ya kawo shi na uku ko na huɗu ta hanyar da ta fi gajarta.

In an zauna gardamar kuma, fara tambayar mutum a ina dokin yake lokacin da aka shiga kwanar ƙarshe, dawaki nawa ne tsakaninsa da shinge. In ya ce shi dai ya ga an wuce shi a layi, miƙa masa wayar ka ce ya sake kallo.