Yadda ake farfaɗo da ƙungiyar besbol ta Japan a wasan manaja

Wanda ya saba da Football Manager, wasan kwamfuta na jagorantar ƙungiyar ƙwallon ƙafa, da zarar an danƙa masa ƙungiyar da ta durƙushe, kasuwa yake fara leƙawa ya ga wa kuɗinsa za su iya saya. A besbol na Japan wannan dabara ba ta ci. Ƙungiyoyi 12 ne kacal, shida a rukunin Central, shida a Pacific, kowacce tana buga wasa 143 a kaka. Ba a faɗawa ƙaramar gasa, kuma ba kasafai abokin hamayya ke sayar maka da gwarzonsa ba. Rainon yara ne aikin, ba cefane ba.

Ni da Chunichi Dragons ta Nagoya nake gwaji, a sashen Pennant, inda ake jan ragamar ƙungiya kaka bayan kaka, na wasan Pawafuru Puro Yakyu na kamfanin Konami. Rabonta da lashe rukuninta tun 2011, kuma ita ta zo ta ƙarshe a 2022 da 2023 da 2024. Matakan za su yi maka aiki a kowane wasa mai bin dokokin gasar Japan.

Da farko, dubi filinka kafin ka dubi 'yan wasanka. Rabin wasanninka a gida za ka buga su. Har zuwa kakar 2025, Vantelin Dome na Nagoya ya yi suna wajen faɗi da doguwar katanga, bugun da zai tsallake a wani fili nan sai a cafe shi. Saboda haka masu jifa za ka sa a gaba, sai masu tsaron fili masu gudu, sai mai cafka, wato wanda ke tsugune bayan mai bugu yana karɓar jifa, mai kaifin kai. Ka tuna a Japan masu fara jifa shida ake juyawa, kowa sau ɗaya a mako, Litinin yawanci hutu ce. In kana da uku na kirki, uku na cikon benci, rabin makonka ya tafi a banza.

Na biyu, ƙirga mutanenka. Doka ta ba ka mutum 70 a babbar rajista. Kada ka cike ta, bar gurbi uku ko huɗu. Tsoffin da ke cin albashi mai tsoka suna ɗumama benci, sallame su a ƙarshen kaka ta farko, ko da sunansu ya yi maka kwarjini. Bayan 70 ɗin akwai 'yan raino da ake kira ikusei, masu lamba uku a bayan riga. Ba sa buga wa babbar ƙungiya sai an ɗaga su, kuma ƙofar tana rufewa a ƙarshen Yuli. Kada ka raina su: Kodai Senga ta nan ya shiga ƙungiyar SoftBank a 2010, ga shi ya kai har New York Mets.

Mataki na uku shi ne uwa uba, wato zaɓen sabbin 'yan wasa na watan Oktoba. Zagayen farko ƙuri'a ce. Kowace ƙungiya tana rubuta sunan wanda take so, in suna ya zo ɗaya sai a ja takarda. Yaron da ya haskaka a gasar sakandare ta Koshien kowa shi yake hari. In ku shida ne a kansa, damarka ɗaya ce cikin shida, in ka faɗi kuma sai ka tsinci abin da aka rage. Shawarata, a kaka biyu na farko ka bar musu rububin. Nemi mai jifa ɗan jami'a ko na ƙungiyar kamfani wanda ba wanda ya sa wa ido, ka ɗauke shi ba hamayya, domin shi da zuwansa zai fara aiki. Ɗan sakandare sai ya yi shekara uku ko huɗu a ƙaramar ƙungiya kafin ya nuna.

Ribar zama na ƙarshe a zagaye na biyu take, don na ƙasan tebur ne ke fara zaɓe. Tura masu farautarka tun farkon kaka su bi yaran da ba a yayatawa. Orix a zagaye na huɗu ta ɗauki Yoshinobu Yamamoto a 2016. Ta zo ta ƙarshe a 2019 da 2020, sannan ta lashe Pacific sau uku a jere daga 2021, shi ne kan gaba a masu jifanta.

Na huɗu, baƙi. Huɗu kawai ake yarda su shiga jerin wasa, kuma ba za su zama duka masu jifa ko duka masu bugu ba. Abin da zaɓen Oktoba bai ba ka ba shi za ka cike da su: ƙarfin bugu, da mai jifan da ke rufe zagaye na tara, wato na ƙarshen wasa. Kwantiragin shekara ɗaya ya isa, don da yawa ba sa sabawa da jifan Japan.

Na biyar, yi hattara da 'yan wasan da suka sami 'yancin sauya ƙungiya. Sai mutum ya yi kimanin kaka takwas yake samunsa, ka ga ƙarfi ya fara ja baya. In yana cikin masu babban albashi, tsohuwar ƙungiyarsa tana da ikon ɗaukar mutum ɗaya daga cikin naka, ban da 28 da ka kare. A nan na taɓa yin kuka da idona: na sayo mai bugu ɗan shekara 33, na manta ban sa wani yaro mai jifa a jerin kariya ba, tsohuwar ƙungiyar mai bugun ta ɗauke shi. Bayan kaka biyu shi ya riƙa hana ni barci duk ranar da muka haɗu. In wasanka yana da zaɓen watan Disamba na waɗanda ba sa samun wuri a ƙungiyoyinsu, wanda aka fara a 2022, can ya fi araha. Ta nan Chunichi ta samo Seiya Hosokawa daga DeNA, ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 24 a 2023.

Burinka a kaka ta uku kada ya wuce matsayi na uku, shi ke kai ka Climax Series, wasannin ƙarshen kaka na neman gurbi a wasan kofin Japan. DeNA daga na uku ta ɗauki kofin Japan a 2024, Lotte ma haka a 2010.

Daidai lokacin ne kuma babban mai jifanka zai fara maganar Amurka. In ka riƙe shi har ya cika kaka tara, zai tafi kyauta. Ka sake shi da wuri ta tsarin da ƙungiyar Amurka ke biyan diyya, amma sai ka tabbata yaron da ka ɗauka a zagaye na biyu shekara uku baya ya riga ya iya jifan zagaye bakwai a wasa ɗaya ba tare da hannunsa ya mutu ba.