Darasi na Tara: Lambobin Sirri da 'Yan Damfarar Waya

Tun ƙarancin takardun kuɗin da aka sha a farkon shekarar 2023, bayan an sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, ciniki ya koma cikin waya. Mai awon gero a Babbar Kasuwar Katsina, dillalin dabbobi a Mai'aduwa, mai tuyar ƙosai a Ƙofar Marusa, kowa ya iya cewa "turo ta tiransifa". An samu sauƙi ƙwarai. Sai dai ɓarayi su ma sun bi kuɗin zuwa inda ya koma, kuma yawancinsu da baki suke sata. Mutum zai kira ka, ya gaishe ka cikin ladabi, ya roƙi wata lamba, kai da kanka ka karanta masa. Saboda haka wannan darasi a kan lambobi yake: wadda ake bayarwa, da wadda ko ɗan cikinka ba a gaya wa.

Ka san lambobinka

Ɗauko alƙalami, mu ƙirga tare. Lambar asusunka na banki tana da alƙaluma 10. Ita ta bayarwa ce, da ita ake turo maka kuɗi, kuma ita kaɗai ba ta isa a cire maka ko kwabo.

Sai BVN, wato lambar da banki ke tantance ka da ita, mai alƙaluma 11. Babban Bankin Najeriya ne ya fito da ita a 2014. An ɗaure ta da zanen yatsunka da hotonka, kuma guda ɗaya ce tak ko da bankuna nawa kake ajiya. NIN ma alƙaluma 11 ce, hukumar katin ɗan ƙasa ta NIMC ke bayar da ita, kuma tun Disamban 2020 gwamnati ta ba da umarnin a haɗa ta da kowane layin waya. Waɗannan biyun ana nuna su a banki ko a ofishin da ka je da ƙafarka. Ba a karanta wa baƙo su a waya.

Sai kuma waɗanda ba a bayarwa ko ana ha-maza-ha-mata. Akwai lambar sirrin katin ATM, mai alƙaluma 4. Akwai lambar da kake sawa in za ka tura kuɗi ta waya. Akwai doguwar lambar da ke jikin katin, da ƙananan alƙaluma 3 da ke bayansa. Sannan akwai OTP, wato lambar da banki ke turo maka ta saƙon tes a daidai lokacin da ake ƙoƙarin taɓa kuɗinka, galibi alƙaluma 6. OTP tamkar makullin shago take: wanda ka miƙa wa ba ya buƙatar fasa komai, buɗewa zai yi ya shiga.

Yadda kiran yake zuwa

A samu mutum biyu a aji su karanta wannan misali da ƙarfi.

"Salamu alaikum, barka da yamma, Alhaji. Daga banki ne. Ranka ya daɗe, mun ga BVN ɗinka ta samu matsala, in ba a gyara yau ba za a rufe asusun."

"Subhanallahi! Ni da nake jiran kuɗin wake gobe?"

"Kada ka damu, Alhaji, yanzu zan gyara maka. Za ka ga wani saƙo ya shigo. Kar ka kashe wayar, karanta min lambar da ke ciki kawai."

Nan ne wurin tsayawa. Amsar da ta dace gajeriya ce: "Na gode, zan zo bankin da kaina." Sai ka kashe wayar. Ba rashin kunya ka yi ba. Da yawa daga cikin dattawanmu kunya ke cutarwa, suna ganin bai kamata a katse mutumin da ya yi sallama ya girmama su ba, kuma ɗan damfara ya san da haka sarai, shi ya sa yake zuba ladabi. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri ko OTP, a waya ko a kan kanta, bankunan da kansu suna ta nanata wannan.

Wani zai ce, to ai ya kira cikakken sunana, har ya faɗi bankina. Wannan ba shaida ba ce. Duk wanda ya rubuta lambar asusunka kamar zai turo maka kuɗi, sunanka zai fito masa. Ga kuma takardun da muke bari a shagon hoto da kwafi, da fom ɗin neman tallafi da ake cikewa a unguwa ba a san inda za su ƙare ba. Abin lura shi ne gaggawar da yake sa ka da tsoron da yake cusa maka, da kuma hana ka kashe waya don kada ka samu damar shawartar wani.

Amfanin karatun da kake yi

Nan nake so mu daɗe, domin nan ne matsalar masu koyon karatu take. Mutumin da bai iya karanta saƙo ba, dole ya miƙa wa wani wayarsa. Ka tsaya kusa da rumfar mai POS a bakin tasha, za ka ga baiwar Allah ta kwance bakin mayafi ta ciro kati, ta miƙa, sannan ta faɗi lambar sirrinta da ƙarfi, mutum biyar na tsaye a bayanta. Wani ma a bayan katin ya sa aka rubuta masa lambar da biro don kada ya manta. Mafi yawan masu POS mutanen kirki ne masu neman halak, amma ba su kaɗai ke jin abin da aka faɗa ba, kuma kati na iya faɗuwa a ko'ina.

Alƙaluma goma ne kacal a jikin na'urar, daga 0 zuwa 9, kuma duk kun riga kun san su. Ka karɓi na'urar, ka duba adadin kuɗin da aka rubuta kafin ka danna komai. Ka ƙirga sifirai: 5,000 sifiri uku ne, 50,000 sifiri huɗu. Ka kare da tafin hannunka, ka danna lambarka da kanka. In an mayar maka da kati, ka duba ka tabbata naka ne, domin akwai masu musanya kati a wurin na'urar ATM da sunan taimako. Kada ka zaɓi 1234 ko 0000 ko shekarar haihuwarka, su ɓarawo ke fara gwadawa.

Saƙon banki da Turanci yake zuwa, amma kalmomi kaɗan ne ke maimaituwa, kuma za ku iya haddace su yau. Credit ko Cr na nufin kuɗi ya shigo. Debit ko Dr na nufin kuɗi ya fita. Bal shi ne abin da ya rage a asusu. In ka ga haruffa uku, O da T da P, kuma ba kai ne ke tura kuɗi a lokacin ba, to wani ne ke ƙoƙarin shiga asusunka. 'Yan uwa mata, musamman ku da ke sana'a a cikin gida kuna aiken yara da kati: ku iya waɗannan kalmomi, ku riƙa duba saƙon da kanku bayan kowane aike.

'Yan kasuwa kuma su kula da alat na bogi. Mai saye zai nuna maka fuskar wayarsa ya ce ya tura, ko ma saƙo ya shigo wayarka mai kama da na banki. Kada buhu ya hau mota sai ka duba asusunka ta hanyar da ka saba, ka ga kuɗin ya ƙaru. In ya ce sauri yake yi, ya jira. Kaya naka ne.

WhatsApp da shuɗin rubutu

Satar WhatsApp ma da lamba ake yin ta. Wani zai kira ya ce shi ne sakataren zauren masallaci ko na ƙungiyarku, za a yi taro ta intanet, an turo maka lambar shiga mai alƙaluma 6, ka faɗa masa. Wannan lambar ita ce ta buɗe WhatsApp ɗinka a wata waya. Da ya samu, sai ya shiga aika wa dangi da abokai da sunanka: ina asibiti, a taimaka min da dubu ashirin. Maganin abin yana cikin manhajar. Ka shiga Settings, ka taɓa Account, ka taɓa Two-step verification, ka sa lamba mai alƙaluma 6 wadda kai kaɗai ka sani. Idan kuma kai aka turo wa roƙon kuɗi da sunan ɗan uwa, kira shi ka ji muryarsa tukuna.

Haka nan shuɗin rubutun da ke yawo a zauruka, wato link da ke buɗe shafin intanet in an danna shi, wai gwamnati na raba tallafi, ko wani kamfani na kyautar data, a danna a cike BVN a tura wa mutum ashirin. Kada ka danna, kada kuma ka tura wa wasu, domin amincewar da suka yi da kai ce za ta sa su danna. Masu cewa ka zuba dubu goma ka karɓi ashirin a wata guda su ma hanyarsu ɗaya. Irin wannan tsari mai suna MMM ya rushe da kuɗin 'yan Najeriya a Disamban 2016, wani mai suna CBEX ya yi haka a Afrilun 2025. Kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko da shi, ranar da shiga ta ragu sai a rufe. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

In waya ta ɓace

Mutane kan yi kukan wayar, alhali sim ɗin da ke ciki ya fi ta haɗari. Da layin da ka yi rajista da shi, duk wanda ya danna *565*0# zai ga BVN ɗinka, kuma duk OTP da banki zai turo hannunsa za ta faɗa. Don haka tun yau ka tambayi bankinka lambar da ake dannawa a rufe asusu daga wayar wani. A bankuna da dama tana ƙarewa da 911. Ka rubuta ta a takarda ka ajiye a gida. Ranar da waya ta ɓace, fara rufe asusu, sannan ka je ofishin kamfanin layi da NIN ɗinka a rufe tsohon sim a ba ka sabo.

Sim ma ana sa masa lambar sirri, ta yadda in an cire shi an sa a wata waya ba zai yi aiki ba. A yi wannan tare da malamin aji, domin in ka yi kuskure sau 3 zai kulle, sai da wata lamba mai alƙaluma 8 da ake kira PUK, wadda ke jikin katin da sim ya zo a ciki. Wani abu kuma da ake mantawa: layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfani na sake sayar da shi ga wani. In ka bar layi, je banki a canza lambar da ke kan asusunka.

Idan an riga an cire kuɗi, kada kunya ta sa ka yi shiru. Ka je banki a ranar, ka kai ƙorafi a rubuce, ka karɓi shaidar cewa sun karɓa, domin saurin kai rahoto ne ke ba da damar tare kuɗin kafin a kwashe. Kada ka goge saƙonnin ko lambar da ta kira ka. Ana kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC. Idan matsalar ta layi ce kuma kamfani bai saurare ka ba, hukumar sadarwa ta NCC tana da lambar kira kyauta, 622.

Abin da doka ta ce

Najeriya tana da dokar laifukan intanet tun 2015, an kuma yi mata gyara a 2024. Ta haramta damfara ta intanet da yin sojan gona da sunan wani. Ta kuma shafi wanda ya yaɗa saƙon da ya san ƙarya ne don ya tayar da hankalin jama'a ko ya jefa rayuka cikin haɗari. A 2023 an sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa kamfanoni da ofisoshi nauyin tsare bayanan da suka karɓa daga gare ka.

Akwai wani tarko da mutanen kirki ke faɗawa. Wani yaro zai ce, "Baba, a ba ni aron asusu za a turo min kuɗi, nawa ya samu matsala, zan ba ka na goro." In kuɗin na damfara ne, sunanka da BVN ɗinka masu bincike za su fara gani, ƙofarka za su fara ƙwanƙwasawa. Haka yake ga wanda ya yi wa wani rajistar layi da NIN ɗinsa, ko ya sayi sim da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani. Ka ba shi haƙuri, ka ce ya je banki a gyara masa nasa.

Aikin aji

Kowa ya kwafi waɗannan a littafinsa, ya rubuta ma'anarsu da Hausa: Cr, Dr, Bal, OTP. Malami ya rubuta 2,500 da 25,000 da 250,000 a allo, ɗalibai su karanta su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan a zauna bibbiyu, ɗaya ya zama mai kira daga banki, ɗaya mai asusu, a maimaita har sai kowa ya iya cewa "zan zo bankin da kaina" ba tare da in-ina ba. Kada kowa ya faɗi lambarsa ta gaskiya a aji, ko ga malami. Mako mai zuwa kowa ya zo da lambar rufe asusu ta bankinsa a rubuce da hannunsa.